Yadda ake magana da Ingilishi a wurin aiki, ba tsawa ba rawar murya

Shekarar da na fara aiki a sashen sayen kaya na wani furoje a nan Maraɗi, kuɗin wani Alhaji da ya kawo mana siminti suka maƙale. Kullum da hantsi zai zo ya zauna a bencin bakin biro, carbi a hannu, ba ya cewa komai sai “Malam, ya ake ciki?” Da abin ya ishe ni, sai na rubuta wa matar da ke sa hannu kan biyan kuɗi a Nairobi: “I demand the payment of the supplier.” A raina roƙo na yi, tunda a Faransanci “demander” tambaya ce ko neman alfarma. Kwana biyu ba amsa. Rana ta uku shef ɗina ya kira ni, ya tura ƙofa, ya ce, “Me baiwar Allahn nan ta yi maka?” Ashe a Ingilishi “demand” maganar mai buga tebur ce. Ni da ko wata uku ban cika ba a wurin, na daka wa babba tsawa ban sani ba.

Tun daga ranar nake tara irin waɗannan a wani ɗan littafi. Mu ƴan Maraɗi ladabi ba baƙonmu ba ne, mun san gaisuwa, mun san kara. Amma da zarar mun juya harshe sai ladabin ya zube a hanya. Ko mu fito kamar masu ba da oda, ko mu yi ta “sorry, sorry” har a rasa abin da muke nema. Dabarar kuwa guda ce: a tausasa bakin jimla, a bar cikinta da ƙarfinsa. Wa zai yi, me zai yi, yaushe, nawa, waɗannan ba a sassauta su.

Buƙatar kuma ta riga ta zo har ƙofar gida. Kundin sake gina ƙasar Nijar da aka sa wa hannu a watan Maris na 2025 ya sa Hausa ta zama harshen ƙasa, Ingilishi da Faransanci kuma harsunan aiki. Katsina ta fi mana Yamai kusa nesa ba kusa ba. A watan Fabrairu na 2021 aka aza harsashin layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi. Jami'ar Maryam Abacha tana garin nan tun 2013, ga ƙungiyoyin agaji da ke aiki a Madarunfa da Gidan Rumji, waɗanda rahotonsu da yawa da Ingilishi yake tafiya. Ingilishin da muka yi daga siziyam (ajin farko na sakandare) zuwa bak (jarrabawar gama ta) na cin jarrabawa ne, bai koya mana yadda ake ce wa shugaba a'a ba.

Mataki na farko: san da wa kake magana

Ingilishi ba ɗaya ba ne. Wanda za ka yi da ɗan kasuwar Kano ko jami'i a Jibiya daban yake da wanda za ka yi da Baturen Ingila ko ƴar Kenya. Ɗan Najeriya in ka ce masa “well done” ya san “sannu da aiki” kake nufi. Ka faɗa wa Bature shugabanka haka, zai ji kamar malami ne ke yaba wa ɗalibi. “I'm coming” wurin maƙwabtanmu “ina zuwa” ne na mai fita ya dawo, ga sauran jama'a kuwa “I'll be right back” ake cewa. Haka “sorry” da muke sawa a gurbin “sannu” idan wani ya yi tuntuɓe: Bature zai amsa da cewa ai ba laifinka ba ne. Shi “Are you all right?” ya sani.

Batun suna ma yana da nauyi a gare mu. Kiran babba da tsurar sunansa abin kunya ne a tarbiyyarmu, amma Turawa da yawa haka suke so a wurin aiki. Kada ka yi ta kame-kame, tambaya sau ɗaya ta wadatar: “How would you like me to address you?” In ya ce ka kira sunansa, ka kira. Da ƴan Najeriya kuwa riƙe “Sir” da “Ma” da Alhaji da Hajiya, in mutum injiniya ne ko dokta ka haɗa masa da shi, can laƙabi ba abin wasa ba ne.

Mataki na biyu: kakkaɓe tarkon Faransanci

Nan ne muka fi faɗawa rami, don kalmomin kamarsu ɗaya, ma'ana ce ta raba hanya. “Actually” ba “actuellement” ba ce. Tana nufin “a gaskiya”, kuma sau da yawa tana zuwa ne idan za a gyara wa mutum magana. In “a halin yanzu” kake so, ka ce “currently” ko “at the moment”. “Eventually” ba “éventuellement” ba ce: idan ka ce “we will eventually pay” ka yi alkawarin biya ko ba jima ko ba daɗe, alhali kai “wataƙila” kake nufi. “I assisted the meeting” na nufin ka taimaka, halarta kuwa “I attended”. Horo “training” ne, “formation” ba ta aiki a nan. “Control” ba dubawa ba ce, mallaka ce: “I came to control your work” ya isa ya ɓata zumunci, alhali “check” ko “review” kawai ake buƙata.

Wadda ta fi ba ni haushi ita ce “delay”. A Faransanci “délai” wa'adi ne, a Ingilishi “delay” jinkiri ne. Ka tambayi mai kawo kaya “What is your delay?” ka riga ka zarge shi da latti tun bai ɗora buhu ɗaya a mota ba. Ka ce “How long will it take?” ko “What is the deadline?”

Sai “il faut”, wadda muke juyawa kai tsaye zuwa “you must”. A biro “you must” ta shugaba ce ko ta doka. Tsakanin abokan aiki “we need to” ake cewa, ta haɗa kowa cikin ɗaukar kayan.

Mataki na uku: gina roƙo

Bahaushe yakan zuba ladabinsa a gaisuwa da “don Allah” da “ko za ka taimaka”. A Ingilishi ladabin yana cikin siffar aikatau. Shi ya sa “please” ita kaɗai ba ta wanke umarni. “Please send me the invoice” ba zagi ba ne, amma umarni ne mai hula. Duba yadda taushin ke hawa:

“Send me the invoice.” Wannan ta soja ce.
“Can you send me the invoice?” Ta abokin aiki da kuka saba.
“Could you send me the invoice?” Ita ce ta kullum, ba ta ɓaci da kowa.
“Would you be able to send me the invoice?” Ta babba ko baƙo.

Riƙe ta ukun, za ta ɗauke ka ko'ina. Haka “I want” ka mayar da ita “I'd like”. To amma kada ka tsaya nan, don taushi ba tare da rana ba shi ne ke sa takarda ta kwana wata a kan tebur. Ƙara rana da dalili: “Could you send me the invoice by Thursday? We close the accounts on Friday.” Ka ga bakin jimlar da laushi, cikinta kuwa ba wasa: takardar kuɗi, Alhamis, saboda rufe lissafi. Kula da “by” da “until”. “By Thursday” na nufin kada ya wuce Alhamis, “until Thursday” kuwa abu ne da ke ci gaba har zuwa Alhamis.

Da na san wannan a wancan lokaci, ga abin da zan rubuta wa matar Nairobi: “Could you let me know when the supplier's payment will go out? He delivered three weeks ago and is asking for a date.” Da Alhaji bai ƙara kwana uku a benci ba.

Gaisuwa kuwa ka taƙaita ta. “Good morning, I hope you're well” ta isa, sai ka shiga magana. Na san yana da wuya. Mutum ya saba da ina kwana, ina gajiya, ya iyali, ya zafi, sai a ce ya yi layi ɗaya ya wuce. Ajiye doguwar don ƴan gida da ƴan Najeriya, su ma suna jin daɗinta.

Mataki na huɗu: idan ba ka ji ba

Babbar cutarmu ita ce “yes, yes” alhali ba mu fahimta ba. A Hausa “to” ba lallai yarda ba ce, tana iya zama “na ji” kawai. Bature kuwa “yes” da “OK” da “no problem” alkawari yake ɗaukarsu, zai rubuta ya jira.

Matambayi ba ya ɓata, sai dai akwai yadda ake tambayar. “What?” tana da kaushi, “Repeat!” ta fi ta. Ka ce “Sorry, I didn't catch that. Could you say it again?” In sauri yake yi, “Could you slow down a little?” In layin intanet ne ke yankewa, abin da ba baƙo ba ne a gare mu, faɗi gaskiya: “The line is breaking up. Could you put that in the chat?” Wadda ta fi duka amfani ita ce ka maimaita abin da ka ji da bakinka: “Just to confirm, you need forty bags in Tessaoua by Monday. Is that right?” Wannan ba ta nuna rauni, mai yin ta ma shi ake ɗauka da muhimmanci, don an ga yana riƙe da zaren.

Mataki na biyar: saɓa wa na gaba da kai

A nan zan daɗe, don nan ne kunya ke cin mu. An yi mana tarbiyya kada mu musa wa babba a gaban mutane. Sai mu yi shiru a taro, mu fito mu yi ta gunaguni a gindin bishiya wurin mai shayi. Shugabannin kuma da suka ga ba wanda ya yi magana, sun ɗauka an amince. Ranar da abin ya lalace tambayar farko ita ce me ya sa ba ka faɗa ba.

A ce watan Agusta ne, ruwa ya sauka, shugabar aiki ta ce a kai kaya wani ƙauye bayan Dakwaro kafin Juma'a. Kai ka san hanyar, ka san babbar mota da lodi ba za ta wuce ba sai ƙasa ta sha iska. Kada ka ce “It's impossible”, kada ka ce “You are wrong”. Yi ta hawa uku. Fara nuna ka ji buƙatarta: “I understand why we need it there by Friday.” Sannan kawo damuwarka da dalilinta: “My concern is the road. After this rain a loaded truck may not get through.” Ka rufe da mafita: “Could we send half in the pickup now and the rest on Tuesday?” Ba ka ƙaryata ta ba, ba ka kuma janye gaskiyarka ba. Hawa na ukun shi ne mai tsada. Wanda ya kawo matsala kaɗai ana ganinsa mai ƙorafi, wanda ya haɗa da mafita shi ake nema gobe.

In ra'ayi ne kawai ya bambanta, “I see it a little differently” tana buɗe ƙofa ba tare da an ji ƙarar ta ba. In kana so ka shiga magana, “Could I come in here?” ko “Can I add something?” In an katse ka, kada ka haɗiye sauran, ka ce “Let me just finish this point” da murya daidai, ka ci gaba. Guji “with all due respect”. Mu muna jin ta kamar “ranka ya daɗe”, su kuwa sun san duk wanda ya fara da ita mari ne ke tafe.

Ƙin karɓar aiki ma haka yake. “I'm afraid I can't finish it today, but I can have it ready by ten tomorrow.” Wannan “I'm afraid” ba tsoro ba ne, matashin kai ne da ake sa wa labari mara daɗi. In shugaba ya ɗora maka aiki biyu a lokaci ɗaya, mayar masa da zaɓin: “I can do the report or the stock count today. Which should come first?”

Akwai kuma ɗaya gefen, wato gane nasu taushin. Turawan Ingila musamman suna da irin karar da muke da ita, sai dai tasu a cikin kalmomi take ɓuya. In aka ce maka “You might want to look at page three again”, ba shawara ba ce, shafi na uku yana da kuskure, je ka gyara. “I was wondering if you'd had a chance to…” na nufin an gaji da jira. “Not bad” yabo ne. “That's interesting” kuwa wani lokaci daidai take da “to, madalla” da dattijo ke faɗa idan bai gamsu ba. Duk wanda ya iya karanta “sai mun gani” a bakin Bahaushe zai iya karanta waɗannan, kunne kawai zai sa.

“In sha Allah” fa? Kada ka bar ta, taka ce. Sai dai wasu baƙin sun koyi jin ta a matsayin “wataƙila”, don haka haɗa ta da rana da awa: “You'll have it by Wednesday noon, in sha Allah.”

Mataki na shida: lamba, kuɗi da kwanan wata

Kuskure a nan asara ce tsagwaronta. Faransanci yana raba ɓangaren lamba da waƙafi, Ingilishi da ɗigo. Yuro ɗaya sefa 655,957 ne a rubutunmu, a Ingilishi kuwa 655.957 ake rubutawa. Ka bar waƙafin, mai karatu ya ga sama da dubu ɗari shida. Haka 1.500 namu su 1,500 ne. “Milliard” shi ne “billion”. Mu kuma da muke lissafi da dala, wato sefa biyar, sai an ƙara hattara: “ɗari” a kasuwa sefa 500 ne, jika 1000. In kana juyawa daga kai, kada “ɗari” ta fito “one hundred”. Kullum faɗi sunan kuɗin, “CFA francs” ko “naira”.

“Fifteen” da “fifty” sun sha raba mai saye da mai sayarwa a waya. Na farkon nauyinsa a ƙarshe yake, na biyun a farko. Kada ka dogara da wannan, ka bi da “one five” ko “five zero”. Harshenmu kuma ba ya raba “p” da “f”, shi ya sa “copy” ke komawa “coffee”. Maganinsa madubi: “p” leɓe biyu ne ke haɗuwa su fashe, “f” haƙoran sama ne ke taɓa leɓen ƙasa. Minti biyar kullum na mako biyu ya isa ka ji bambanci.

Kwanan wata: 03/04 uku ga Afrilu ne a wurinmu da Ingila, a Amurka kuwa huɗu ga Maris. Rubuta sunan watan da haruffa, magana ta ƙare. “Quinze jours” ba “fifteen days” ba ne, “two weeks” ne. In taro ne ta intanet, faɗi agogon wa ake bi. Mu da Najeriya agogonmu ɗaya, Nairobi tana gabanmu da awa biyu, Dakar tana bayanmu da awa ɗaya, Landan kuwa daidai take da mu daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba, sauran watannin tana baya da awa ɗaya.

Mataki na bakwai: in kai ne da laifi, da in kai ake wa jinkiri

Haƙuri ɗaya ya isa. “I'm sorry, I sent the wrong file. Here is the correct one.” Shi ke nan. Kada ka jero labarin wuta da aka ɗauke da babur da ya lalace. Kuma daina buɗe magana da “Sorry for my bad English”. Kana jin Hausa da Faransanci, ga na uku kana yi, mai sauraronka wataƙila ɗaya gare shi. In an jira ka, “Thank you for your patience” ta fi “sorry” uku.

In kai ne ke jira, “I am still waiting” tana da zafi. Ka ce “I'm following up on my message of 12 May. Could you let me know where things stand?” In an sake yin shiru, ƙara abin da jinkirin zai jawo: “If we don't confirm by Friday, we'll lose the truck.” Ba barazana a ciki, gaskiya ce da kwanan wata.

Mataki na takwas: sa su a baki

Karanta jimla ba ya sa ta fito ranar da ake buƙatarta. Zaɓi biyar kawai daga cikin waɗannan, waɗanda aikinka ya fi buƙata, ka rubuta su a bayan littafinka. Kowace safiya faɗe su da ƙarfi, ka ɗauki muryarka a waya ka saurara. Za ka ji inda kake gudu da inda kake haɗiye ƙarshen kalma. Rage sauri, don mai natsuwa a magana shi ake ji kamar ya san abin da yake yi, ko da kalmominsa kaɗan ne. In kana da aboki mai irin buƙatarka, ku ware kwatan awa bayan la'asar: shi ne shugaba mai taurin kai, kai ne mai cewa hanyar Dakwaro ba ta biyuwa, gobe ku yi musaya. Saurari labaran BBC na Ingilishi bayan ka ji na Hausa, tunda ka riga ka san labarin, kunnenka zai koma kan yadda ake jera maganar.

Kafin kowane taro rubuta jimlarka ta farko cikakkiya a takarda, da lambobin da za ka ambata. Jimlar farko ce ke da wuya, in ta fita lafiya sauran suna biyo ta. Bayan an tashi kuma aika saƙo na layi uku: “Thank you for today. As agreed, I'll send the quote by Monday and you'll confirm the quantity by Wednesday.” In akwai inda ka ji ba daidai ba, a nan za a gyara maka tun mota ba ta bar tasha ba.